Shekarar da Auta Ya Daina Dawowa Laraba

Kafin shekarar nan, abin da na sani game da wasan tanis bai wuce ranar Laraba ba. Ƙanena, autanmu, yakan saɓa doguwar jakarsa ya tafi Jidda ya hau jirgi, ya je wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa ba, a cire shi tun zagayen farko ko na biyu. Laraba sai ga shi a bakin ƙofa, ya ƙara baƙi, ya rame, ba ya son magana. Inna, mahaifiyarmu, ba ta tambayar ko ya ci ko an cinye shi. Tun Talata take cewa in fito da kuka da daddawa, gobe za ta tuƙa masa tuwon shinkafa. Haka muka yi shekaru, yana faɗuwa muna tuƙa tuwo.

A Nakkasa, wata unguwa da ba ta da nisa da Harami, aka haife mu duka. Kakanmu ne ya zo aikin hajji ta Cadi da Sudan, ya ga wuri ya zauna. Fasfonmu na Nijar ne, ƙasar da ni na taka sau ɗaya, Auta kuwa bai taɓa shan ruwanta ba, amma tutarta ce ake sawa kusa da sunansa in yana wasa. Tanis ɗin ma a Jidda ya tsinto shi, wurin kawunmu da ke gadi a wani rukunin gidajen Turawa masu filin wasa. Ya dawo mana da tsohon raket da ƙwallo guda, wadda Inna ta sa wa suna lemon tsami. Yini yake yana dukanta a bangon tankin ruwa, in ta kuɓuce ta gangara matakalar unguwa har ƙasa, ya bi ta da gudu. Ni na sha zaginsa a kan ƙarar nan. Har yau in na ji ana daka a turmi sai ya faɗo mini.

Da aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa muka kama haya a Kudai, hawa na uku, ni da Inna da shi. Babanmu ya riga ya rasu. Ni nake fita aiki. Ina tsaron wani shago a Misfala, ina sayar wa alhazai dabino da carbi da sallaya da turare, tsarabar komawa gida. Mai shagon yana riƙe da ni ne saboda Hausata. Daga safe har ƙafafuna su kumbura ina cewa Hajiya ki ƙara, Alhaji wannan ya fi auki, ina ɗaure kaya ina rubuta suna a kan jaka.

To, a shekarar nan sai Laraba ta zo babu Auta. Ya kira ya ce ya ci, jibi zai sake wasa. Jibi ya sake ci. Daga can bai dawo ba, ya wuce wata gasar, don mai horar da shi ya ce hannunsa ya buɗe, kada a bari ya huce. Tuwon farko muka raba wa maƙwabta. Na biyu ma haka. A na uku na ce wa Inna ta bari sai ya ce ga shi nan a hanya, ta ce ba ni nake tuƙawa ba.

Ni kuma na koma 'yar duba waya. Ina auna dabino, ido ɗaya a kan ma'auni, ɗaya a kan lambobin makin wasansa da ke canzawa: sha biyar, talatin, arba'in. Wanda ya ƙirƙiro wannan lissafi bai taɓa zaman shago ba, ina talatin ina arba'in bayan ka fara da sha biyar-sha biyar? Amma na iya shi dole. Na san cewa in lambar ta daɗe ba ta motsa ba to ana fafatawa. Samarin unguwa da ba sa gaishe ni da, suka fara tare ni a tashar bas suna cewa mabruk, wato barka, ɗan'uwanki ya kori wani babba, ya kusa shiga ɗarin farko na duniya. Nakan ce Allah ya sa albarka, in nemi wurin zama. Ina murna, ba na musu. Sai dai murnar ba ta ɗauko tukunyar gas zuwa hawa na uku, ba ta kuma kai Inna asibiti ranar awon sukari. Waɗannan da aikinsa ne, suka dawo kaina.

Akwai kuma maganar iƙama, takardar zamansa a ƙasar nan. Duk da a nan aka yanke masa cibiya, sai da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, yake zaune, kamar kowannenmu. Nasa kafilin wani dattijo ne mai kantin kayan gini, mutumin babanmu, ya rubuta shi a ma'aikatansa. Rusau ya tafi da kantin, dattijon ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka ce za su rufe rajistar. Ba su yi mana wulaƙanci ba, sun faɗa mana tun da wuri: Auta ya dawo da kansa a mai da shi hannun wani kafilin kafin iƙamar ta ƙare. In ta ƙare yana waje, shi ke nan, ya tashi daga ɗan gari.

Na faɗa masa har bakina ya gaji. Kullum sai ya ce, “Yaya, daga wannan gasar.” Rabin maganarsa Larabci ne, Hausar tasa ta kicin ce, amma wannan jimlar ya iya ta sarai. Da kaka ta yi, ya shiga wata babbar gasa a Turai, irin wadda ba a taɓa barinsa ya shiga ba sai ya bi ta wasannin share fage. Ya ce in kwantar da hankalina, nan manya ne, ba zai wuce Talata ba, har ya yanki tikitin Laraba. Iƙamar kuwa Lahadin makon take ƙarewa. Inna ta ce in fito da kuka.

Bai faɗi Talata ba. Alhamis ma bai faɗi ba, Juma'a ma haka. Ya yi ta ɗaga tikiti.

Ranar Asabar ban je shago ba, bayana ya riƙe. Bayan la'asar ina kwance a falo, Inna tana kan sallaya tana jan carbi, waya ta yi ƙara. Na sa ta a sifika don ta ji muryarsa. Yana haki, bayansa hayaniya.

“Yaya! Inna! Niha'i! Na samu niha'i!”

Carbin ya faɗi daga hannun Inna. Ta yi salati, ta dafa ƙirji.

“Me ya yi musu?” ta ce da ni. “Yaron da ko kaza bai taɓa kora ba, me ya yi musu?”

Sai da na ɗan yi jim kafin na gane. A Larabci niha'i shi ne wasan ƙarshe, wanda ake ɗaga kofi. Amma Inna ba ta taɓa kallon ƙwallo ba. Niha'i ɗaya ta sani, huruj niha'i, hatimin fita ba dawowa. Shi ta ji a bakin maƙwabtanmu na Nakkasa ɗaya bayan ɗaya. Daga an ce wane ya samu niha'i, sai ka ga an fito da firji bakin hanya ana ciniki, matar gida tana rabon tukwane, a yi koke-koke a rakiya har bakin mota. Tukunyar da muke tuwo da ita ma haka muka same ta.

Dariya ta kama ni, irin ta gajiya. Na ce, “Inna, ba wannan niha'in ba. Na wasa ne. Ya kai ƙarshe, saura mutum ɗaya tak, gobe za su kara. Abin murna ne.”

Ta dube ni ba ta yarda ba. “To me ya sa yake kuka?”

Ban lura ba sai da ta faɗa. Muryarsa ta sauya. Ya ce, “Yaya, cire ni daga sifika.”

Na kai hannu, Inna ta riƙe mini wuyan hannu. “Faɗi, Auta, ina ji.”

Ya faɗa. Jirgin da zai iso da shi Jidda kafin iƙamar ta mutu, yau zai tashi, nan da ɗan lokaci. Jakarsa a ɗaure take. In ya tsaya wasan gobe, babu wani jirgin da zai cim ma ranar.

Inna ta juyo gare ni. “Kin ce ba wannan niha'in ba ne.”

Na ce, “Duka biyun ne, Inna.”

Ni a raina so nake ya hau jirgi. Na gaji. Na gaji da gas, na gaji da layin asibiti, na gaji da zama ni kaɗai ce mai amsa ƙofa. Na buɗe baki zan ce masa ya bar musu kofinsu ya taho, ta riga ni.

“In ka taho, shi wancan yaron da wa zai yi?”

“Ba kowa, Inna. Miƙa masa kofin za a yi.”

“Haka kawai, bai yi gumi ba?”

“Haka kawai.”

Ta lalubo carbinta a kan sallaya. Sannan ta ce, “Duk Juma'ar da ƙafata ta kai ni Harami, abu ɗaya nake roƙa maka, Allah ya ba ka nasara a kan lemon tsamin nan naka. Ban taɓa cewa ya ba ka ita a ranar da ta yi mini daidai ba. Ni na roƙa. Kwance jakarka, ka ci abinci, ka gama aikin da ya kai ka.”

Ya ce, “Inna, ba zan iya dawowa ba fa.”

Ta ce, “Na ji. Kurma ce ni?”

Da ya kashe wayar na yi mata faɗa, abin da ban saba ba. Na ce ta san abin da ta yi kuwa? Ta ce ta sani, in tashi in ɗora mata ruwan shayi.

Lahadi ina shago aka buga wasan. Wata hajiya 'yar Zinder tana ta ja-in-ja da ni a kan kuɗin sallaya, lambobin suna hawa suna sauka a gefen ma'auni. Ya faɗi kashin farko, ya ci na biyu. Na uku ya ja har na daina kallo, na kife wayar. Ihun samarin shagon shayi na tsallaken titi ne ya gaya mini ya ci. Hajiyar ta ce lafiya kike kuka? Na ce ƙanena ne ya ci kofi. Ta ce to ai sai ki rage mini. Na rage mata.

Daga nan rayuwarsa ta sauya, kowa ya sani. Ya daina bin share fage, masu takalma suka sa masa suna a riga, ya kama ɗaki a wani gari can kusa da inda yake atisaye. Ya sa aka kawo mana sabon firji, ya ɗauki wani direba yana kai Inna asibiti. Ban raina ba. Na bi maganar iƙamar wurin masu bin takardu har na haddace fuskokinsu, kowa ya ce abin da ya mutu ya mutu, sai dai a fara sabon nema, shi kuma wa zai rubuta ɗan tanis a ma'aikatan kanti yanzu, bayan hotonsa ya zaga gari?

Da kakar wasa ta ƙare ya zo, da bizar umara. Na je Jidda tarbarsa, na same shi cikin ayarin masu harami, farin mayafi a kafaɗa, jakar raket a hannu. Direban tasin da ya ɗauko mu ya yi ta nuna masa gari, nan kaza ne ya Hajji, can kaza ne. Auta yana kallon waje ta taga. Da muka wuce inda Nakkasa take da, ya juya yana neman tankin ruwa, babu ko alamarsa.

Da ya gama umara muka iso gida, Inna ta rungume shi a bakin ƙofa, ta shafa kansa da aka aske, ta ce ya rame. Tambayarta ta farko bayan ya zauna ita ce, “Kwana nawa suka ba ka?” Ya faɗa mata, ta gyaɗa kai. Ya kwana a gadonsa, ya ci tuwo har ya kasa tashi, ya ɗauko mana gas ba a sa shi ba. Na ɗan huta a kwanakin nan, har na fara mantawa.

Ana jibi zai tafi, ina sa takalmi zan fita aiki, Inna ta kira ni ɗaki ta rage murya. Ta ce in taho da dabino mai kyau, da carbi, da sallaya, da turare ɗan kwalba, in ɗaure su yadda nake ɗaure wa mutane. Na ce na wa? Ta ce na Auta.

Na ce, “Inna, tsaraba fa ke nan. Alhazai ake yi wa.”

Ta ce, “To da wace takarda ya shigo?”

A shago na auna dabinon, na naɗe sallayar, na sa a jaka irin wadda nake sa wa kowa. Hannuna da ya saba ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa a jiki kafin in tuna cewa wannan jakar ba za ta ɓace cikin kayan ayari ba.

Ranar tafiya ta miƙa masa a bakin ƙofa, har da galan ɗin zamzam. Ya dubi jakar, ya dubi sunan shagonmu a jikinta, ya yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

“Inna, ni fa ɗan gida ne.”

“Na sani,” ta ce. “Karɓi. Ka ba mutanen can, su san daga inda ka fito.”

Ya karɓa. Na raka shi ƙasa, ita ba ta iya matakala. Da na hawo na same ta ta cire zanen gadonsa tana ninkewa.

Talatar da ta biyo baya na dawo daga aiki, na buɗe kabad na ɗauko gwangwanin kuka ban ma yi tunani ba. Inna tana zaune tana kallona. Ta ce in mayar, mu biyu ne, sauran shinkafar jiya ta ishe mu.