Gwiwar Baba

Shekarar da Baba ya samu kujerar Makka, burinsa ɗaya ne, ya yi ɗawafi da ƙafarsa. Ya haura sittin, kuma rabin rayuwarsa a zaune ya yi ta a shagon hatsi. Daga gidanmu a Yerimaram zuwa bakin titi ma sai ya tsaya ya huta. Likita ya ce ya fara motsa jiki a hankali. Ni kuma uban rawar kai na ce zan samo masa koci.

A wani gidan ɗaga ƙarfe na unguwar Dogo Tebo na samo shi. Ban tambaye shi inda ya koyi aikin ba, ban tambaye shi ko ya taɓa horar da dattijo ba. Ƙirjinsa na kalla, da damatsan da suka cika riga, na ce ai wannan ya san aiki. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ya zo tsakar gidanmu da sassafe riƙe da takarda. Daga baya na gano ita ce dai yake bai wa samari masu shirin shiga soja. Bai tambayi Baba shekarunsa ba, balle lafiyar gwiwarsa. Sai tsallen kwaɗo, sai tsugunna ka tashi ɗauke da gwangwanaye cike da siminti.

"Baba, akwai ciwo?" in ji kocin.

"Babu komai, ɗana."

To wane dattijo ne zai gaya wa sa'ar ɗansa cewa ya gaza, kuma a gaban ɗan da ya kawo shi? Mai hankali fuska zai duba. Shi kuwa wayarsa yake dubawa, yana ƙirga masa ashirin.

A mako na biyu na ga Baba yana dafa bango kafin ya taso daga sujada. Na yi wa kocin magana.

"Oga, ka kwantar da hankali. Jiki ne yake karɓa."

Na kuwa kwantar, don ina son in yarda.

A mako na uku gwiwar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Muka sa shi a Keke Napep zuwa asibiti. Likita ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tafiya na ce ya riƙa yi, tafiya kawai, kullum yana ƙara kaɗan. Wa ya sa shi tsalle?"

Daga nan na zarce Dogo Tebo raina a ɓace. Na tarar da kocin yana horar da wani mai tumbi, da takardar nan a hannu. Da ya gama saurarena sai ya ce, "Ƙaddara ce, Oga." Ƙaddara! Wallahi ba don an riƙe ni ba da gwangwanin simintin zan rotsa masa. Ka lalata ƙafar mutum da jahilcinka, sannan ka fake da ƙaddara?

Baba ya tafi Makka. A keken marasa lafiya aka tura shi zagaye bakwai ɗin nan.

Da ya dawo, gida ya cika da masu sannu da zuwa, ana raba dabino da zamzam. Ina bakin ƙofa wani abokinsa ya tambaye shi labarin ƙafar. Baba ya shafa gwiwar, ya nuna ni ya ce, "Tsufa ne kawai. Ai yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, har koci ya ɗauko min."

Suka shiga sa mini albarka. Na ajiye farantin dabinon na fita.