Lasifikar da Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Har yau ana tsokanar kawuna mai gyaran rediyo da ranar da ya cire ƙofar falonsa. Wata bakwai ya yi a tsakar gida yana lanƙwasa katako, ya haɗa lasifika mai baki kamar mazurari, ta fi shi tsawo. Komai ya auna, ban da ƙofa.

Tun rasuwar matarsa jinsa ke raguwa. Kaset ɗaya yake sakawa, saƙon muryar da ta taɓa aiko masa, kuma ba ya ƙure sauti.

Na ce, "Kawu, ka cire ƙofa saboda lasifikar da ko maƙwabta ba sa ji?"

Bai ɗago ba. "Akwai inda take jan numfashi kafin ta kira ni. A ƙaramar rediyo na daina jin wurin."