Zare Mai Kauri, Na Wani Aboki

Tomie ba ta taɓa ganin tsohon nan a shagonta na kayan kamun kifi ba. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, hular kabarsa ta sha rana, an soke ta da ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu irin na yaudarar kifin nan na rafin dutse, iwana.

Siririn zaren da ake ɗaura wa ƙugiya yake nema. Ta miƙa masa mai kauri, ya ture da bayan hannu.

"'Yata, bijimi zan ɗaure? Iwana ba makaho ba ne. Ba ni mafi siriri."

"Baba, wannan ko ni sai na sa tabarau."

"Ke kika sani." Ya karɓi siririn, zai gwada.

Yana tsaye bakin taga, ƙugiya a hagu, zare a dama. Yana lasar bakin zaren, yana kai shi, zaren yana wuce kafar ƙugiyar. Yana sake kaiwa. Hannunsa ko rawa ba ya yi, idon ne ya tafi. Tomie tana goge kantar da ba ta da ƙura. A ranta tana cewa akwai shago a ƙauyensu, amma can sun san shi gwani, shi ya sa ya hawo mota ya zo inda ba mai shaida shi.

Can ya ajiye. "Haɗa min da mai kaurin nan. Na wani abokina ne, idonsa ya gaji, bawan Allah."

"A gaishe shi, Baba."

Ya biya kuɗin duka biyun, ya sunkuyar da kai, ya fita. Siririn yana nan kan kanta.