Wata Huɗun da Mai Awo Bai Fita Ba

Shekara ashirin da uku ana kiransa Mai Awo, har wasu a ofis suka manta yana da wani suna. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi na rana, lokacin da tauraron ɗan'adam ke giftawa ta samansu, sai ya tsaya a fakon da ke bayan ofishin, ya saita na'urarsa a ƙasa, ya rubuta zafin da ta nuna. Yashi daban, tsakuwa daban, busasshiyar laka daban. Tauraro yana hango zafin daga sama, amma kowace irin ƙasa da yadda take sakin nata, don haka ba a yarda da lissafinsa sai an gwada shi da awon mutumin da ke ƙasa.

"Shi yana can yana shan iska, ni nake gasuwa," in ji shi, yana nuna takalminsa da ya narke.

Da wannan aikin ya raini 'ya'ya biyar. Auta ce ta bi sawunsa, ta kuma wuce shi nesa. Aka ɗauke ta aiki a bene na ofishin, inda ake haɗa bayanan tauraro da awon ƙasa a kwamfuta don fitar da taswirar zafin yankunan da ruwa ya yi wa ƙaranci. Ranar da ta fara, har masu shara sai da ya gaya wa 'yarsa ce.

Wata Laraba ta sauko ɗakinsa, ta tura ƙofa, ta ajiye wani tsohon littafin awonsa a tebur.

"Baba, akwai wata huɗu a nan da lissafi ya ƙi zama. Tauraro ya nuna gajimare ya rufe wasu ranakun, kai kuma ka rubuta zafi kamar rana ta take. Na ɗauka na'urar ce, na bincika, lafiyarta lau."

Ya dubi kwanan watan. Shekara shida ke nan, watannin jinyar mahaifiyarta.

"Zauna, Auta." Ya daɗe yana shafa gefen littafin. "Ƙarfe ɗaya ake shiga da ita wankin ƙoda. Tsoron injin take yi, ba ta yarda a sa mata allura sai ina riƙe da hannunta. Na nemi hutu, aka ce babu mai tsaya mini. Sai in na dawo da yamma in buɗe littafin bara in kwafa."

A lokacin Auta tana makaranta, ana ce mata jikin mahaifiyarta da sauƙi. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardar.

"Me ya hana ka faɗa daga baya?"

"Kunya. Kullum sai in ce gobe."

"Baba, da taswirar nan za a zaɓi inda za a dasa itatuwa. Ba zan iya barin wannan a ciki ba."

"Ban haife ki don ki bar shi ba," ya ce. "Amma ba ke za ki kai ni ba."

Da ƙafarsa ya hau benen ya faɗa wa shugaban ofis komai. Ya zaci wata huɗun za a cire. Kwamiti ya zauna, ya ce wanda ya kwafa sau ɗaya ba a san sau nawa ya yi ba, aka jingine awonsa na shekara ashirin da ukun nan gaba ɗaya. Aka zuba littattafansa a kwali aka kai sito, shi kuma aka ce ya je ya huta. Ba a yi masa taron bankwana ba.

Auta ta kammala taswirar da awon wata tasha. Da ta kawo masa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya yi albarka. Ita kuwa ƙasa take duba. Tun ranar Larabar nan ba ta ƙara iya haɗa ido da shi ba, gani take ita ta rushe shi. Shi kuma gani yake ya bar mata abin kunya a wurin aikinta, yana jin nauyin ya ce mata ba laifinta ba ne.

Da shekara ta zagayo ta nemi a mayar da ita wani gari, aka amince. Takan kira shi ƙarshen mako. Ta tambayi ciwon ƙafarsa, ya tambayi yaranta, sannan ɗaya ya ce ana kiransa.