Ranar da Baba Ya Ga Sallama

A unguwarmu ta Illela, in ka ce kana neman tsohon malamin firamare sai a tsaya ana tunani. In ka ce mai rediyo, ko akuya ta nuna maka zaurenmu. Mahaifina ke nan. Tun kafin a haife ni yake da wata baƙar rediyo mai rigar fata, kuma kowace la'asar abokansa sukan taru a zaure, shi yana murɗa gajeren zango, su suna gardama kan halin da duniya ke ciki. Shi ne alƙalin gardamar, domin shi kaɗai ke jin Turanci a cikinsu.

Sai kunne ya fara ba shi wahala. Da fari yakan ƙure murya har maƙwabta su sha labaru kyauta, daga baya ƙure muryar ma ya daina amfani. Amma ba rashin labaru ne ya karya shi ba. Wata rana amininsa, wani dillalin albasa, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama har sau uku, Baba na zaune ya ba ƙofa baya, bai amsa ba. Mutumin ya san lalurar, bai riƙe shi a rai ba. Baba ne ya riƙe kansa. Ya ce wanda ba ya iya amsa sallama ba shi da abin yi a zaure. Ya naɗe tabarmarsa ya koma cikin gida, ya tura rediyon ƙarƙashin gado. Kusan shekara biyu daga masallaci sai ɗaki, kuma in na ga zauren nan a rufe da la'asar, wallahi raina yakan ɓaci.

Ni sana'ata gyaran waya ce a kasuwa. Wata rana wani mutumin Ƙonni, can ƙetaren iyaka, mai gyaran rediyo, ya kawo mini wayarsa ta ƙi caji. Da na gyara na kunna, sai na ga wasu hotuna masu ɗigo-ɗigo, tsuntsaye da jiragen ruwa da duwatsu. Na tambaye shi wace irin kyamara ce ta cuce shi haka. Ya yi dariya ya ce ba kyamara ba ce, daga rediyo ya kamo su.

Na ce, "Malam, ni ma mai gyara na, kada ka raina mini hankali."

Bai yi musu ba. Ya sa mini wata manhaja a wayata, ya zaɓi hoto a tasa, ya danna. Wayarsa ta kama tsuwa kamar ta gyare, ya kara ta kusa da tawa. Ina kallo, hoton ya fara sauka a fuskar wayata layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Babu data, babu igiya tsakani, ƙara ce kawai. Gani ya kori ji! Na tashi tsaye har na tuntsurar da kwanon kusoshi. Ya ce akwai wata tasha can nesa da ke watsa irin wannan tsuwa ta gajeren zango, rabin awa kowace Asabar bayan la'asar, rubutu da hotuna. Abin da ake bukata kawai a ajiye waya kusa da bakin rediyo a yi shiru.

Tun kafin ya rufe baki hankalina ya tafi ƙarƙashin gadon Baba. Rediyon da ake karantawa da ido! Ranar ban ƙara gyara ko waya ɗaya ba.

Da Baba rubutu muke yi a wani tsohon littafin makaranta. Na rubuta masa bayani shafi guda cur. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wagga tsuwa? Shekara nawa ina tsallake ta. Kai dai tun kana ƙarami ba ka rasa shirme."

Amma ya bar ni na jawo rediyon, da sharaɗin ba zan kwance ko kusa ɗaya ba. Ramin da ake sa abin kunne ya daɗe da mutuwa, da na gyara shi da na haɗa rediyon da wayar kai tsaye, amma Baba ya ce hannun da ke fasa wayoyin mutane ba zai shiga cikin rediyonsa ba. Saboda haka dole wayar ta saurara ta iska, ta kwashi duk abin da ya yi motsi a gidan.

Asabar ta farko muka zauna a tsakar gida, na ɗaura eriya a jikin darbejiya. Shi ya murɗa da kansa, yatsunsa ba su manta wurin kowace tasha ba, ni kuma na zama kunnensa, ina ɗaga hannu in tsuwar ta fito sosai. Sai haruffa suka fara tsirowa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya matso har hancinsa na neman taɓa wayar. Ya fara karantawa da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, nan take rubutun ya rikice ya koma shara. Na kama hannunsa, na sa yatsa a baki. Ya yi shiru, rubutu ya dawo. Da hoto ya zo, wata fitilar bakin teku, zakaran gidanmu ya zaɓi lokacin ya yi cara, wani farin zane ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe.

"Mi na wanga?" in ji Baba.

Na rubuta masa: zakara ne. Ya dubi zanen, ya waiga ya dubi zakaran, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Daga ranar duk zanen da ya fito sai ya bincika mai shi, ko babur ne ya wuce, ko turmin maƙwabta.

Masu shirin suna karɓar hotuna daga masu saurare. Na ɗauki Baba a babur zuwa Kalmalo, na yi masa hoto a bakin tafki, rungume da rediyonsa, masunta na bayansa, na aika ta imel. Bayan makonni amsa ta zo: za su watsa shi Asabar mai zuwa. Jama'a, ban san lokacin da na fita tsakiyar kasuwa ba. Na gaya wa mai shayi, na gaya wa masu canjin sefa, na gaya wa wanda bai tambaye ni ba. Mahaifina zai tashi daga wata ƙasa ya keto sama ya sauka a Illela! Baki shi ke yanka wuya, domin na manta ban gaya wa kowa cewa abin yana son shiru ba.

Ranar Asabar ɗin mata suka cika tsakar gida da dakan suna na maƙwabta, babu inda za mu zauna sai zaure. Baba ya ɗauki tabarmarsa da kansa. Wurinsa na da ya zauna, bayansa ga ƙofa, don nan ne igiyar eriya ta kai. Ni ina gefe, zuciyata na dakan da ya fi na matan.

Rubutu ya wuce, hoton farko ya wuce, na biyu ya wuce. Sai ga layin da ke cewa hoto na gaba daga Najeriya yake. Sararin sama ya fara sauka, shuɗi, tas, babu ko ɗigo. Ga saman itatuwa. Ga hular Baba ta fara leƙowa.

"Salamu alaikum!"

Dillalin albasa ne, da muryarsa ta cikin kasuwa. Farin zane ya ratsa daidai goshin Baba. Na ɗaga hannu biyu ina roƙonsa da ido, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa nake yi, ya gyara murya zai sake. Bayansa ga wani Bafulatani abokin Baba da sandarsa, ga ladanin unguwa, kowa da tasa sallamar a baki. Wa zai ce wa dattijo ya shigo zauren mutane ba sallama? Na ji kamar in yi kuka. Wata guda ina jiran minti biyun nan.

Baba bai ɗaga ido daga wayar ba. Ya ga zanen. Ya san babu zakara a zaure, ya san babur ba ya yin zane mai kauri haka. Zane na biyu ya ratsa ƙirjinsa a hoton. Sai na ga bayansa ya miƙe.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah!" Ya faɗe ta da dukan ƙarfinsa, tun bai waiwaya ba, har muryarsa ta yi nata zanen, wanda ya fi na kowa faɗi, ya shafe rediyon da ke hannunsa a hoton gaba ɗaya. Sannan ya juya. "Ku shigo, ku shigo! Na gane ku tun kuna bakin ƙohwa."

Dillalin albasa ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya dube ni, ya dubi Baba, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malam, ka jiya?" Baba bai ji tambayar ba, amma ya ga sabon zane, ya nuna shi da yatsa yana dariya: "Ga ka nan kuma, ba ka iya shiru!"

Hoton ya gama sauka. Rabin tafkin Kalmalo ne, da hula, da ƙafafun wani masunci, sauran duk zane. Da suka lafa na rubuta wa Baba cewa kada ya damu, asalin hoton na nan a wayata, kuma zan roƙi masu shirin su sake watsawa, mu kulle ƙofa. Ya karanta, ya karɓi biron ya soke maganar kulle ƙofa, kamar yadda yake soke kuskuren ɗalibai. Ya ce in wanke masa wannan mai zanen, babba.

Yana nan a bangon zaure har yau. A gefen kowane zane Baba ya rubuta sunan mai shi da jan biro. Na kuma samo masa wata tsohuwar waya da ba ta da aiki sai nuna ƙara a fuskarta, yana jingine ta a gabansa kowace la'asar, ko ba ranar shiri ba. Wani lokaci yakan amsa wa jaki sallama, abokansa su yi ta yi masa tsiya. Yakan ce gara ya amsa wa jaki goma da Musulmi ɗaya ya tsaya a ƙofarsa bai ji amsa ba.