Kaktus ɗin Yaya da Ruwan Inna

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo bakin zarensu. Amma abin da ya faru da kaktus ɗin yayana a gidanmu na Bagudo, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai goge daga raina ba.

Yayan nawa manomin shinkafa ne kamar kowa a danginmu. In aikin fadama ya lafa, sai ya hau babur yana jigilar kaya tsakanin Lolo da ƙetaren Benin. A kan wannan hanya wata mota ta kwashe shi. An kawo mana shi da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Ba ƙafafun ne suka fi tayar mana da hankali ba, shirun da ya shiga ne. Ya daina hira, ya daina tambayar gona, abinci yadda aka kai masa haka ake ɗaukowa. Muka fara tsoron baƙin ciki zai ƙarasa abin da mota ta fara.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Inna, mahaifiyarmu. Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma kun san al'adarmu da ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta zama kusa da shi, magana ma sai dai ta aika wani. Sai ta dafa abin da ta san yana so, ta miƙo mini, ta tsaya bayan ƙofa tana sauraron ko za ta ji ƙarar cokali.

Ana cikin haka wani abokinsa, mutumin Malanbil ta ƙasar Benin da ke aikin lambun furanni a wani otal can kudancin Benin, ya zo dubiya. Ya ajiye masa wani ɗan tsiro a kofi, dunƙulalle kamar ƙwan zabuwa, duk jikinsa ƙaya, da ɗan ƙullin iri baƙi wanda ƙwayarsa ba ta kai ta riɗi ba. Ya ce sunansa kaktus, ɗan uwan ƙerana ne a kama, amma na ado ne, masu hali ke jera shi a taga. Ya ƙara da cewa, "Wagga gona zaune aka noma ta." Ni dai a raina na ce wannan baƙo bai da aikin yi. Ashe magani ya kawo mana.

Kafin mu ankara Yaya ya mai da ni ɗan aike. In ɗebo yashin kogi, in wanke shi har ruwan ya fita fes, a soya shi a kasko kamar gyaɗa, a haɗa da dakakken gawayi da tsingaro. Gwangwanin tumatir da na madara suka yi daraja a gidanmu, kowanne sai ya huda gindinsa da ƙusa don ruwa ya riƙa wucewa. Muka kafa masa rumfa a gefen ɗakinsa, aka rufe samanta da farar leda mai kauri saboda ruwan sama. Abu ne mai shegen nawa. Shekara guda cur, tsiron bai wuce ƙwayar gujiya ba. Ni da ko shayi ba na iya jira ya huce, kallonsa kawai gajiyar da ni yake yi. Shi kuwa Yaya sai ya wuni a kekensa na guragu yana juya gwangwani, yana yi musu magana. Akwai mai farin gashi da yake kira Tsoho, akwai mai jan kai da ya sa wa suna Dogari.

Kawunmu, ƙanen Inna, wanda gonarsa ta shinkafa ke wajen Kaoje, ba ya zuwa bai yi masa tsiya ba. "Kai dai ka samu sana'a," in ji shi, "ba a ci, ba a ba dabba, in ka taɓa ta soke ka." Yaya sai ya yi dariya. Wannan dariyar ita ce ribarmu, don haka babu wanda ya damu da abin da ƙaya za ta haifa.

Da tafiya ta yi nisa ya koyi haɗa aure tsakaninsu. Yana da wani marar ƙaya mai fararen ɗigo-ɗigo, da wani guda ɗaya tal mai rodi-rodin ruwan ɗorawa. Da Allah ya sa suka yi fure rana ɗaya, ya ɗauki gashin zabuwa ya ɗebi garin furen wannan ya shafa wa wancan. Irin da ya samu ya shuka, ya yi renonsu shekaru, suka fito da zanen da ko masu harkar da yake hira da su a waya suka ce ba su taɓa gani ba. An roƙe shi ya sayar, ya ce ko ɗaya ba zai fita ba sai ya ga furensu. Waɗannan su ne 'ya'yansa, don har matarsa kan ce ta san matsayinta a bayansu take.

Sai gyambon kwanciya ya matsa masa, likita ya ce sai an yi aiki a Birnin Kebbi, kuma zaman zai yi tsawo. Ni da matarsa muka tafi jinya. Lokacin bazara ce, irin wadda ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Ana ɗora shi a mota ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga inda take tsaye: "Kar a ba su ruwa. Ko ɗigo. A bar su yadda suke har in komo." Inna ta ce, "To," fuskarta na kallon wani gefe.

A nan gizo ya yi saƙa. A wurinmu in manomi ya kwanta ciwo, ba a jira ya roƙa, gayya ake yi a riƙe masa gona. Kuma in mutum ya ce kada a wahala saboda shi, kowa ya san kara ce, sai ma a ƙara ƙaimi. Ga mu kuma mutanen fadama, waɗanda tun muna goye muka san in shuka ta yi ƙishi to mai ita ya yi sakaci. Inna ta leƙa rumfa ta ga ƙasar gwangwanaye ta bushe ƙamas, zuciyarta ta ƙi. Ta fara zuba musu safe da yamma. Matan maƙwabta in sun shigo gaisuwa su ma su ɗan yayyafa, a matsayin nasu ladan. Da Kawu ya zo ya ga ruwan na zurarewa ta gindi, sai ya ce wane irin aikin banza ne wannan, ya ɗebo laka ya liƙe hudojin ɗaya bayan ɗaya, ya bi su da taki. Da ruwan farko ya sauka Kawu ya yaye ledar rumfa, wai na sama ya fi na rijiya albarka. Da fari tsirran suka kumbura suna sheƙi, kowa na murna. In mun bugo waya sai a ce suna nan lafiya, ana ɓoye mana don Yaya ya dawo ya sha mamaki.

Ranar da muka dawo, tun daga zaure wani wari ya tare ni, irin na tumatir da ya kwana a kwando. Na turo kekensa muka shigo tsakar gida. Kawu na gaba yana washe baki.

"Ka gani? Mun riƙe maka gona," in ji shi. "Gwangwanayen ga duk yoyo sukai, ni na liƙe su da hannuna. Kwanan ga dai sun ɗan yi laushi, halan zahi na."

Na tura Yaya har bakin rumfa. Ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya daga cikin 'ya'yan nan nasa, ya ɗan danna da yatsa. Abin ya lotsa, wani baƙin ruwa ya tsarto. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya bi layin har ƙarshe, sannan ya juya ga uwarsu, mai rodi-rodin nan guda ɗaya. Yana taɓa ta ta zube a hannunsa.

Ni kuwa jinina ya riga ya hau. Na buɗe baki zan sauke wa Kawu kwandon magana, kawu ko ba kawu ba, sai Yaya ya kama hannuna ya matse. Ya tambaya a hankali, "Wa yab ba su ruwa?"

Can daga bakin madafa muka ji muryar Inna, kuma da ni take, ba da shi ba. "Hwaɗa mashi ni ta. Na ga ƙasa ta bushe, na ce kara ce yakai mani. Ban iya zuwa asibiti in dube shi ba, na ce bari in dubi abin da yaka so."

Na kalli Yaya. Ya ce, "Allah shi saka da alheri." Sannan ya ce in kai shi ɗaki.

Shirun nan ya dawo gidanmu. Na yi abin da na iya, na sa reza na yanke kawunan manyan da ruɓa ba ta kai ba, na shafa musu toka na shanya a inuwa kamar yadda na sha ganin yana yi. Kaɗan suka tsira, Tsoho na cikinsu. Amma 'ya'yan haɗin nan ko ɗaya bai kai labari ba, kuma tunda uwarsu ta mutu, babu hanyar sake su. Kawu, wanda duk jikinsa ya mutu, ya ce zai ƙetara Benin ya sayo irinsu ko nawa ne. Na ce masa wannan ba a kasuwa yake ba. Kawu ya zauna a zaure ya haɗa kai da gwiwa, har na ji kunyar fushin da na yi da shi.

Inna ma ta daina cin abinci. Na same ta a ɗaki na yi ta ba ta baki, sai ta ce, "Mota ta karya mashi baya, ni da nih haihe shi na karya mashi zucciya." Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Wata safiya na kai masa koko ya kawar da kai, haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, kai ba ka ci, Inna ba ta ci. Ka hwaɗa mani wa za mu yi jinya cikinku?"

Ya juyo da sauri. "Inna ba ta ci?"

"Tun randa munka komo."

Sai ya ce, "Soyo mani yashi. Ka ɗauko kwalbar irin su Tsoho da ke saman taga. Kuma ka kira mani Inna."

Ta zo ta tsaya nesa da rumfa kamar mai laifi a gaban alƙali. Yaya ya barbaɗa iri a faranti, ya tura kofin ruwa wajenta, ya yi mata magana kai tsaye, abin da ban saba gani ba. "Inna, babba shi ne ba shi son ruwa. Jariri ko, yini guda in ya bushe ya mutu. Ni hannuna ya saba da rowar ruwa, rabin abin da nika shukawa ƙishi ka kashe shi. Ke anka sani da renon iri. Ki riƙe mani wanga."

Inna ta dube ni, ta dubi ƙasa. Sai ta matso, ta zauna a tabarmar da ke gefen kekensa, ta tsoma yatsu a kofi ta fara yarfawa a hankali. Ba ta ɗago ba ta ce, "In sun girma hwa?"

"In sun girma ki ba ni abina, ki ɗauke hannunki."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta. Ran nan a kwano ɗaya na zuba wa Inna da Yaya ɗumame, kuma babu wanda ya ce al'ada ta hana.

Irin ya fito tsaf, kore shar, fiye da duk wanda Yaya ya taɓa shukawa shi kaɗai. Tun daga lokacin aiki ya rabu biyu a rumfar nan: jarirai na Inna, manya na Yaya. Kawu kuwa in ya zo hannunsa a baya yake zagayawa. Zanen nan da ya ɓace bai dawo ba, kuma na san har yau yana yi wa Yaya ciwo, don wani lokaci yakan fara zancensa ya katse.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, son mutum bai isa ya sa ka san abin da yake buƙata ba, sai ka tambaye shi, kuma in ya faɗa ka yarda da shi. Na kuma gane cewa ɓarnar da masoyi ya yi maka ta fi ta maƙiyi wuyar ɗauka, don ba ka da wanda za ka yi wa fushi. Ni na iya faɗa, na iya cewa an yafe da fatar baki. Amma a wurin Yaya na ga cewa yafiya ba ta cika sai ka sake miƙa wa wanda ya ɓata maka abin da kake tsoron rasawa.