Roka da Kamun Alƙalai

Tun da aka zagaye Kano da ganuwa, ban ji an yi shari'ar da ta kai ta gorar lemo guda nauyi ba, wadda aka yanke a wani filin makaranta a Shahuci.

A shekarar da soja suka koma bariki ne, lokacin da kowane mai hali ya fara son a san da shi. Wani Alhaji, dilan atamfa, ya ga ana harba roka a talabijin, sai ya sa gasa: duk wanda rokarsa ta tashi ta sauko mafi kusa da turke, ƙwan da ke cikinta bai fashe ba, zai ɗauki nauyin karatunsa na jami'a. Ni kuwa na gama sakandare, ina zaune a shagon facin yayana a Yakasai, kimiyya tana tsami a kaina. Ban hango wata ƙofa ba sai wannan.

Rokar dai gora ce da ruwa, da famfon keke, da laimar leda. Mu biyu muka kai ƙarshe, ni da wani ɗan Ƙofar Kabuga.

Ranar Asabar tawa ta tashi, ta sauko da ladabi, ƙwai lafiya lau. Alhaji bai yarda da tef ɗin awo ba, ya ce da kamu ya gaji awo, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Shugaban alƙalai, tsohon hedimasta, gajere ƙwarai, shi ya durƙusa ya auna tazarar. Ta abokin karawata kuwa a kan famfo ta tarwatse, ta jiƙa 'yan kallo.

Sai kawunsa ya russuna gaban hedimasta. "Allah ya gafarta Malam, baƙo ne a unguwa. A yi masa uzuri zuwa gobe."

Dattijo ya ce to. A birni, in dattijo ya ce to a bainar jama'a, maganar ta mutu.

Washegari ɗan Kabugan ya sake harba tasa, ta sauko ƙwai lafiya, amma hedimasta ya tafi jana'iza. Mataimakinsa, dogo mai hannu kamar taɓarya, shi ya auna. Da idona na ga tasa ta fi tawa nisa da turke, amma kamunta bai kai na tawa yawa ba, sai aka ba shi nasara. Alamar da na yi jiya kuwa 'yan ƙwallo sun tattake ta.

Na ce, "Malam, ai hannun ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Hannun wa ka raina, nawa ko na hedimasta?"

Duk karatuna ban taɓa haɗuwa da tambayar da ba ta da amsa mai lafiya ba sai ranar.

Na bi Alhaji har zaurensa. "Alhaji, a gwada hannayen biyu mana."

"Ɗana, in sa dattawa su naɗe hannun riga a ƙofar gidana saboda gora?"

Kafin la'asar labari ya riga ni gida. Baba ya ce in je in ba malaman biyu haƙuri. Na je, na durƙusa, suka yafe mini, har da sa albarka. Na koma shago na ɗauki famfon da na ara, na ci gaba da ba tayoyi iska.

Na yi shekaru ina lissafin tsawon hannayen nan, ina ganin digirina kwance a tazarar da ke tsakaninsu. Ko gaisawa ba ma yi da ɗan Kabugan in mun haɗu a jana'iza.

Alhaji ya faɗi zaɓen fid da gwani, bai kai kowa jami'a ba.